Simon Pegg, marubucin finafinan ban tsoro da ban dariya na ƙasar Birtaniya

Simon Pegg marubucin labarun fim ne kuma ɗan wasan kwaikwayo ɗan ƙasar Birtaniya, wanda aka haifa ranar 14 ga watan Fabrairu na shekara ta 1970. Masu kallon finafinan Amurka sun fi saninsa da fuska, domin shi ne Benji Dunn, gwanin kwamfuta mai yawan surutu da ke tare da Tom Cruise a jerin finafinan Mission: Impossible. A ƙasarsa kuwa, an san shi da alƙalami ma. Finafinai uku da ya rubuta tare da darakta Edgar Wright, wato Shaun of the Dead, Hot Fuzz da The World's End, suna cikin waɗanda aka fi ambata idan ana maganar haɗa tsoro da dariya a fim guda.

Tsakanin 2004 da 2016 sunansa ya fito a matsayin marubuci a finafinan sinima shida, kuma ko wane ɗaya da abokin aiki ya rubuta shi. Mafi yawansu labarin mutum iri ɗaya suke bayarwa: namijin da shekaru suka ja amma ya ƙi ɗaukar nauyin da ke kansa, har sai wata musiba ta zo ta tilasta masa.

Asali da karatu

An haife shi a Brockworth, cikin jihar Gloucestershire da ke kudu maso yammacin Ingila, kuma sunan da aka raɗa masa shi ne Simon John Beckingham. Mahaifinsa makaɗin jaz ne mai sayar da kayan kiɗa, mahaifiyarsa kuma ma'aikaciyar gwamnati ce. Auren iyayen ya mutu yana ɗan shekara 7. Da uwar ta sake aure sai ya tashi agola, ya ɗauki sunan mijinta, Pegg.

Yana ɗan shekara 16 ya tafi karatun adabi da wasan kwaikwayo a garin Stratford-upon-Avon, mahaifar Shakespeare. Daga nan ya shiga jami'ar Bristol, inda ya samu lisans a fannin wasan dandamali, fim da telebijin a shekara ta 1991. Kundin da ya rubuta na ƙarshen karatu ya dubi finafinan da jama'a suka yi yayi a shekarun 1970, irin su Star Wars, ta fuskar aƙidar Karl Marx. Tun a jami'a ya fara barkwancin dandamali, irin wanda mutum zai tsaya shi kaɗai da makirufo ya ba taro dariya, kuma a 1993 ya koma Landan domin ya ci abinci da wannan sana'a.

A Landan ya haɗu da mutane ukun da aikinsa zai jingina da su. Na farko Nick Frost, wanda a lokacin sabis yake yi a wani gidan abinci, bai taɓa wasan kwaikwayo ba. Sun zama aminai har suka zauna gida ɗaya. Ta biyu Jessica Stevenson, wadda daga baya ta koma amfani da sunan Jessica Hynes. Sun yi aiki tare a shirin barkwanci na Six Pairs of Pants a 1995. Na uku Edgar Wright, matashin darakta da ya ja ragamar shirin Asylum a 1996. A 1998 Pegg ya fito a shirin Big Train na tashar BBC, wanda ya ƙara sanar da shi ga masu kallo.

Spaced, inda aka fara

Aikinsa na farko mai nauyi a rubutu shi ne Spaced, shirin telebijin na barkwanci da ya rubuta tare da Jessica Stevenson, wanda tashar Channel 4 ta nuna daga 1999 zuwa 2001. Zango biyu aka yi, ko wane da kashi 7, jimilla 14. Edgar Wright ne ya ba da umurni, Nira Park kuma na cikin masu shiryawa.

Labarin na wasu matasa biyu ne, Tim mai burin zama mai zanen littattafan hotuna da Daisy mai burin zama marubuciya, waɗanda suka yi ƙaryar cewa su masoya ne domin mai gidan haya ta yarda ta ba su ɗaki a arewacin Landan. Pegg da Stevenson ne suka hau matsayin biyun, aka rubuta wa Nick Frost matsayin Mike, abokin Tim mai haukar son aikin soja. Abin da ya bambanta shirin shi ne yadda ake ɗaukar ƙananan al'amuran yau da kullum, kamar neman aiki ko ɓatan kare, da salon manyan finafinan yaƙi da na tsoro, domin haka matasan ke ganin rayuwarsu a cikin kansu.

A kashi na uku na zangon farko, Tim ya sha ƙwaya ya kwana yana buga wasan bidiyo na Resident Evil 2, har ya fara ganin gawawwaki masu tafiya a cikin ɗakinsa. Wurin ɗaukar wannan ɗan yanki ne Pegg da Wright suka ga cewa dukansu masoyan finafinan George Romero ne, suka ƙuduri yin cikakken fim irin nasa a unguwannin Landan.

Gadon da ya tarar

Haɗa tsoro da dariya ba sabon abu ba ne a sinimar Birtaniya. Kamfanin Hammer ya yi suna a duniya da The Curse of Frankenstein a 1957 da Dracula a 1958, dukansu rubutun Jimmy Sangster, kuma a 1966 aka yi Carry On Screaming! domin yi wa irin waɗannan finafinai shaƙiyanci. A 1981 Ba'amurke John Landis ya yi An American Werewolf in London, fim ɗin da ya nuna za a iya ba mai kallo dariya a kuma razana shi da gaske, wanda Pegg da Wright suka sha ambata a cikin abubuwan da suka yi koyi da su.

Shi kuwa zombi, wato gawar da ta tashi tana tafiya ba hankali, daga al'adun ƙasar Haiti ya shiga sinima, ta fim ɗin White Zombie na 1932. George Romero ne ya sauya masa kama a Night of the Living Dead na 1968 da Dawn of the Dead na 1978, wanda aka nuna a Faransa da sunan Zombie. A wajen Romero gawawwakin na tafiya ne a hankali, suna cin naman mutane, wanda suka ciza shi ma ya zama irinsu, kuma ba a tsayar da su sai an fasa kai. Waɗannan ƙa'idoji Pegg ya ɗauka bai sauya ko ɗaya ba.

Shaun of the Dead

Shaun ɗan shekara 29 ne, mai aiki a kantin sayar da kayan lantarki. Ko wane dare yana mashaya ɗaya, Winchester, tare da abokinsa Ed, wanda ba ya aikin fari balle na baƙi. Budurwarsa Liz ta gaji ta rabu da shi, ba ya shiri da Philip mijin uwarsa, kuma ko ziyarar uwar sai an tuna masa. Washegarin rabuwar gawawwaki suka cika Landan. Dabarar da Shaun ya iya yi ita ce ya kwaso uwarsa da Liz da abokanta ya kai su Winchester, wato wurin da ya jawo masa matsalar tun farko.

Da fari kamfanin FilmFour ne ya karɓi aikin, sai ya rage harkokinsa, fim ɗin ya tsaya. Daga baya Working Title ya ɗauke shi, tare da kuɗin StudioCanal, reshen sinima na rukunin Canal+ na Faransa. An ɗauki fim ɗin a Landan a 2003 da kuɗin da ya kai kimanin dala miliyan 6, kuma da yawa daga masu fitowa a matsayin gawawwaki masoyan Spaced ne da aka gayyato ta intanet. Ya fito a Birtaniya a watan Afrilu na 2004, a Amurka kuma a watan Satumba, ya tara kusan dala miliyan 30 a gidajen sinima na duniya.

Dokar da marubutan biyu suka kafa wa kansu ita ce ba za a yi wa gawawwakin ba'a ba. Haɗarinsu na gaske ne, mutanen da ke gabansu ne abin dariya. Shaun da Ed na tsaye a bayan gida suna jifan gawawwaki biyu da faifan garmaho, amma sai sun tsaya gardamar wane faifai za a jefa wane za a ajiye. Sa'an nan fim ɗin ba ya jin tsoron yanke dariyar. Philip, bayan an cije shi, ya yi wa Shaun bayani a cikin mota cewa tsananin da ya yi masa tun yana yaro na ƙauna ne, ya mutu nan take. A cikin mashayar kuma, uwar Shaun ta ɓoye cizon da aka yi mata don kada ta tayar wa ɗanta hankali, ta mutu, ta tashi, dole shi da kansa ya harbe ta. Bill Nighy da Penelope Wilton, manyan ƴan wasan Birtaniya, su suka hau waɗannan matsayi biyu.

Fim ɗin ya ci kyautar rubutu mafi kyau a bikin finafinan Birtaniya masu zaman kansu na 2004, ya ci kyautar Saturn ta fim ɗin tsoro mafi kyau, kuma ya shiga takarar BAFTA a rukunin fim ɗin Birtaniya na shekara. George Romero da kansa ya yaba, har ya gayyaci Pegg da Wright suka fito a matsayin gawawwaki a fim ɗinsa Land of the Dead na 2005.

Pegg ya ci gaba da kare gawa mai tafiyar hawainiya. Finafinai irin su 28 Days Later na 2002 da sabon Dawn of the Dead na 2004 sun kawo dodanni masu gudu, kuma a watan Nuwamba na 2008 ya rubuta wata maƙala a jaridar The Guardian yana ƙin wannan sauyi. Hujjarsa ita ce zombi mutuwa yake wakilta, ita kuwa mutuwa ba ta sauri: mutum na iya kauce mata shekara da shekaru, amma tana tafe, kuma ranar da ya yi sakaci za ta cim masa.

Yadda yake rubutu

Pegg da Wright kan zauna ɗaki ɗaya ne su tsara labarin gaba ɗaya a kan manyan takardu da ke rataye a allo kafin su rubuta maganar ko da mutum guda. Wannan ya sa finafinansu ba su da wurin da ɗan wasa zai ƙirƙiri magana yadda ya ga dama, saɓanin yawancin finafinan barkwanci na Amurka na wancan zamani. Ko wace kalma da wurinta, domin za a dawo da ita gaba.

Dabarar da aka fi sanin su da ita ke nan: a faɗi abu da wasa a farkon fim, ya dawo da gaske a ƙarshe. A Shaun of the Dead, daren da Liz ta rabu da Shaun, Ed ya jera masa irin shaye-shayen da za su yi washegari domin ya manta da ita, kuma wanda ya sake kallon fim ɗin zai ga jerin nan shi ne dukan abin da zai faru, daki-daki. Haka kuma an ɗauki tafiyar Shaun daga gida zuwa kantin unguwa sau biyu, ko wace a ɗauka guda ba yankewa. Ta farko ranar lafiya ce. Ta biyu gari ya riga ya lalace, akwai jini a jikin firjin kantin, amma Shaun ya sayi abinsa ya koma gida bai lura da kome ba. Tun kafin annobar ma, an nuna mutanen Landan a cikin bas da bakin kantuna suna tafiya kamar marasa rai.

Hot Fuzz

Fim na biyu ya fito a watan Fabrairu na 2007. Rubutunsa ya ɗauki wata 18, kuma marubutan sun ce sun kalli finafinan ƴan sanda 138, sun kuma tattauna da ƴan sanda na gaske da dama. An ɗauke shi a Wells, garin da Edgar Wright ya tashi a jihar Somerset.

A nan Pegg ya juya halin jaruminsa. Nicholas Angel ɗan sandan Landan ne da ya fi kowa ƙwazo, har shugabanninsa suka ga yana kunyata sauran, suka tura shi wani ƙauye mai suna Sandford inda aka ce ba a aikata laifi. Shi ma dai bai iya zama da mutane ba, aiki kawai ya sani. Abokin aikinsa Danny, wanda Nick Frost ya hau, ɗan shugaban ƴan sandan ƙauyen ne, kuma abin da ya sani na aikin daga finafinan Point Break da Bad Boys II ya koye shi.

Ko da yake ana lissafa shi cikin finafinan ƴan sanda, tsakiyarsa fim ɗin tsoro ce. Wani mai baƙar alkyabba da ya rufe fuska na kashe mutane ɗaya bayan ɗaya, ana cewa haɗari ne. Angel ya bi sawu ya haɗa wani dogon bayani na rikicin fili da kuɗi, sai ta bayyana ba haka ba ne. Dattawan ƙauyen ne, ƴan ƙungiyar sa ido ta unguwa, ke kashe duk wanda zai hana Sandford cin gasar ƙauyen da ya fi kyau: wani don bai iya wasan kwaikwayo ba, wata don dariyarta ba daɗin ji, wani don gidansa ya ɓata tsarin gari, ɗan jarida kuma don yawan kuskuren rubutu. Tushen wannan labari na komawa ga The Wicker Man na 1973, inda wani ɗan sanda ya je tsibiri ya tarar da dukan mutanen wurin bakinsu ɗaya a kansa, kuma jarumin wancan fim, Edward Woodward, yana cikin dattawan Sandford. Timothy Dalton, wanda ya taɓa zama James Bond, shi ne mai babban kantin garin. Fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 80.

Run Fatboy Run da Paul

A 2007 ɗin dai aka fitar da Run Fatboy Run, wanda David Schwimmer ya ba da umurni. Ba'amurke Michael Ian Black ne ya fara rubuta shi, Pegg ya sake masa fasali ya maido da labarin Landan. Babu dodo a ciki, amma mutumin bai sauya ba: Dennis ya gudu ya bar amaryarsa da ciki ranar ɗaurin aure, bayan shekara 5 ya shiga gasar gudun fanfalaki domin ya nuna mata yana iya gama abin da ya fara.

Paul, na 2011, shi ne wanda ya rubuta tare da Nick Frost, Greg Mottola kuma ya ba da umurni. Kafin rubutun, su biyun sun yi doguwar tafiya da mota a yammacin Amurka domin su ga hanyar da labarin zai bi. Turawan Ingila biyu masoya labarun sararin samaniya ne suka ci karo da wata halitta ta wata duniya da ta tsere daga hannun gwamnatin Amurka. Seth Rogen ne ya yi muryar halittar. Fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 98, fiye da ko wane cikin ukun da ya yi da Wright, sai dai masu sharhi ba su ba shi darajarsu ba. Yana ɗauke da ashar mai yawa da kuma shaguɓe ga masu tsananin riƙon addinin Kirista a Amurka.

The World's End da jarabar barasa

Fim na uku tare da Wright ya fito a watan Yuli na 2013, kuma a Faransa an sa masa suna Le Dernier Pub avant la fin du monde. Gary King mutum ne da ya kai shekara 40 amma har yanzu da tufafi da motar da yake da su tun yana lakol. Ya tattaro abokansa huɗu na ƙuruciya, waɗanda duk sun kama aiki, domin su koma garinsu Newton Haven su gama abin da suka kasa a 1990: shan kofin giya ɗaya a ko wace cikin mashaya 12 a dare guda. Suna cikin haka suka gano an musanya yawancin mutanen garin da mutum-mutumi masu shuɗin jini, aikin wasu halittu daga wata duniya da ke son gyara ɗan Adam ko yana so ko ba ya so.

Tsarin ya fi na baya tsauri. Sunan ko wace mashaya na nuna abin da zai faru a cikinta, sunayen abokan biyar kuma na fada ne a turancin Ingilishi, daga sarki da yarima har zuwa barde da yaron fada. Mashaya ta biyu kamarta ɗaya da ta farko har kujeru, abin da ke nuni ga yadda manyan kamfanoni suka saye mashayun garuruwan Ingila suka mai da su iri ɗaya.

Kusa da ƙarshe ne ake gane abin da ke damun Gary. Akwai bandeji a wuyan hannunsa da alamar asibiti: ya yi yunƙurin kashe kansa, kuma daga wurin jinya ya gudo. Daren nan na 1990 shi ne lokaci na ƙarshe da ya ji daɗin rayuwa, shi ya sa ko duniya na tashi sai ya kai mashaya ta 12. A fitowarsa ta ƙarshe a fim ɗin, ruwa ya nema a ba shi.

Sai a 2018 Pegg ya bayyana a wata hira da jaridar The Guardian cewa shi ma ya daɗe yana fama da ciwon damuwa da jarabar barasa, yana ɓoyewa, har a lokacin da ake ɗaukar Mission: Impossible III. Ya ce sai da aka kai shi cibiyar jinya kafin ya daina, gabanin fim na huɗu na jerin wanda ya fito a 2011. Ke nan ya rubuta Gary King ne bayan ya fita daga halin, alhali masu kallo ba su sani ba. The World's End ya tara kusan dala miliyan 46.

Ana kiran finafinan uku da sunan Cornetto, wani askirim da ke fitowa a ko wanensu: mai jar takarda a na farko saboda jini, mai shuɗiya a na biyu saboda kakin ƴan sanda, mai koriya a na uku saboda halittun wata duniya. Sunan ya samo asali ne daga raha da aka yi da Trois Couleurs, finafinai uku na Krzysztof Kieślowski da aka yi wa laƙabi da launukan tutar Faransa.

Star Trek Beyond

Daga 2009 zuwa 2016 Pegg ya fito a matsayin Scotty, injiniyan jirgin sararin samaniya, a sabbin finafinan Star Trek. A farkon 2015, bayan kamfanin Paramount ya ajiye rubutun da aka fara yi na fim na uku, aka ba shi aikin tare da Doug Jung, kuma watanni kaɗan suka samu domin an fara ɗauka a watan Yuni na shekarar. Justin Lin ne darakta. Dabararsu ita ce su tarwatsa jirgin tun da wuri, su rarraba ma'aikatansa biyu-biyu a wata baƙuwar duniya domin halin ko wane ya fito. Leonard Nimoy, wanda ya daɗe yana fitowa a matsayin Spock, ya rasu a watan Fabrairu na 2015, sai suka shigar da rasuwar tsohon Spock cikin labarin. Idris Elba ne mugun fim ɗin, tare da Sofia Boutella, haifaffiyar Aljeriya.

Fim ɗin ya fito a watan Yuli na 2016, shekarar da Star Trek ya cika 50. Masu sharhi sun karɓe shi da kyau, amma dala miliyan 343 da ya tara ba ta gamsar ba idan aka dubi kusan miliyan 185 da aka kashe.

Komawa telebijin

Pegg da Frost sun kafa kamfaninsu na shirya finafinai mai suna Stolen Picture. Fim ɗinsa na farko shi ne Slaughterhouse Rulez na 2018, labarin dodanni a wata makarantar kwana, wanda suka fito a ciki amma ba su suka rubuta ba. A watan Oktoba na 2020 Amazon Prime Video ya fitar da Truth Seekers, shiri mai kashi 8 da suka ƙirƙira tare da James Serafinowicz da Nat Saunders, game da wani mai haɗa wa gidaje intanet da ke farautar fatalwa a lokacin hutunsa. An dakatar da shi bayan zango ɗaya. Ban da fim, Pegg ya wallafa littafin tarihin rayuwarsa, Nerd Do Well, a 2010.

Wasan kwaikwayo ne ya cinye mafi yawan lokacinsa daga baya. Ya fito a finafinan Mission: Impossible shida daga 2006 zuwa 2025, a fim ɗin Tintin na Steven Spielberg a 2011 inda shi da Frost suka zama ƴan sandan nan biyu masu kama ɗaya, a Star Wars na 2015, da Ready Player One na 2018.

Tasiri da suka

Bayan Shaun of the Dead finafinan gawawwaki na barkwanci sun yawaita a ƙasashe da dama: Zombieland a Amurka a 2009, Juan de los Muertos a Kuba wanda ko sunansa na nuna inda ya dosa, Cockneys vs Zombies a Birtaniya a 2012, da Go Goa Gone a Indiya a 2013 tare da Saif Ali Khan. A cikin gida kuma, Nira Park ta shirya Attack the Block na Joe Cornish a 2011, fim ɗin da ya fito da John Boyega.

Sukar da aka fi yi wa rubutun Pegg ita ce duniyarsa ta maza ce. A finafinan uku abotar namiji da namiji ce ginshiƙi, mata kuwa ba su da yawa, kuma galibi aikinsu shi ne su jira jarumin ya yi hankali. Spaced, wanda ya rubuta tare da mace, ya fi daidaito ta wannan fuska. Akwai kuma wahalar fassara: yawancin dariyar ta dogara ne da wasa da kalmomin turancin Ingilishi da sanin al'adar mashaya a Ingila, abin da kan ragu a fassarar Faransanci. Hukumar tace finafinai ta Birtaniya ta ware Shaun of the Dead, Hot Fuzz, Paul da The World's End ga ƴan shekara 15 zuwa sama, saboda zubar da jini da kalaman ashar.

Ayyukan da ya rubuta

1999 zuwa 2001: Spaced, shirin telebijin, tare da Jessica Stevenson
2004: Shaun of the Dead, tare da Edgar Wright
2007: Hot Fuzz, tare da Edgar Wright
2007: Run Fatboy Run, tare da Michael Ian Black
2011: Paul, tare da Nick Frost
2013: The World's End, tare da Edgar Wright
2016: Star Trek Beyond, tare da Doug Jung
2020: Truth Seekers, shirin telebijin, tare da Nick Frost, James Serafinowicz da Nat Saunders